Fasto ya ce Mama ta ajiye maganin suga: dole ne mu bi?

Tambaya: Rabaran, mahaifiyata tana da ciwon suga. Fastonmu ya ce ta daina shan magani, ta yi azumin kwana uku ba ci ba sha, ta kuma kawo baiko na musamman. Da na yi magana sai ya ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Ina jin tsoro, amma ba na son in yi wa bawan Allah rashin biyayya.

Amsa: 'Yar'uwa, Mama ta koma kan maganinta yau, a kuma kai ta asibiti a auna sugan. Mai wannan ciwo idan ya bar magani ga kuma rashin ruwa, suga yakan hau, jiki ya bushe, har ya suma. Idan kuma ya sha magani bai ci abinci ba, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas. Ko ta wace hanya rai ake wasa da shi.

Aikin fasto sananne ne: wa'azi, koyarwa, baftisma, Jibin Ubangiji, ziyarar marasa lafiya, sulhu, ɗaurin aure da jana'iza. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawa su yi wa marar lafiya addu'a. Ina aka ce su karɓe masa magani? Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14.

Sai wannan magana ta "shafaffe", wadda ta ishe ni. Daga Zabura 105:15 ake ciro ta. Ki karanta daga aya ta 9: zancen Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba ta hana ɗan ikilisiya tambayar fastonsa ba. Da tambaya zunubi ce, da ba a yaba wa mutanen Biriya ba, waɗanda kullum suke bincike cikin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus ma ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. To, wane ne ya fi Bitrus a cikinmu? 1 Bitrus 5:2-3 ta ce a yi kiwon garke ba don kwaɗayin kuɗi ba, ba kuma da nuna iko ba. Duk mai haɗa warkarwa da ambulan na kuɗi, ya tuna amsar da Siman mai sihiri ya sha daga bakin Bitrus a Ayyukan Manzanni 8, da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi.

Ga yadda za ki bi. Ki same shi da ladabi tare da dattawa biyu, domin 1 Timoti 5:19 ta bukaci shaidu biyu ko uku. Ki faɗi abin da ya ce da ranar da ya faɗa, ban da zagi, ban da Facebook. In ya ƙi ji, ki rubuta wa majalisar dattawa, ki riƙe kwafi. In sun yi shiru, sai ofishin gunduma, wanda a wasu ɗarikoki ake kira DCC.

Idan kuwa majami'ar tasa ce shi kaɗai, ba dattawa, ba wanda zai iya ce masa bari, ki ɗauke Mama daga wurin.