Amsa: A cike fadamar ko a karkatar da titin?

Malam, ka tambaya ko a cike fadamar da jar ƙasa tunda sabon zanen gadar saman ya bi ta kanta, ni dai gaskiya a'a. Fadama ita ke shanye ruwan Agusta, in an cike ta gidajen mutane ruwan zai nufa, mun gani a Kano yadda aka yi ta cike kududdufai ana gini, yanzu ruwan awa ɗaya sai kwata ta tumbatsa har cikin zaure. A karkatar da reshen titin ko a ɗora shi kan ginshiƙai, kwalbatin rafin kuma a auna shi da ambaliya. Wata dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta binciken tasirin muhalli, ku nemi rahoton, ku ji ta bakin masu noman rani a wurin.