Zan Iya Ciyar Da Tsofaffin Dawakan Sukuwa Da Kuɗin Zakkata?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum, Allah gafarta malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina sayar da hatsi da wake. Marigayi mahaifina aikin barga ya yi a nan Legas har ƙarfinsa ya ƙare, a cikin dawaki na tashi. Kwanakin baya na kai iyali bakin teku wajen Lekki, sai na ga wani doki da na sani tun yana sukuwa a Arewa, ana ɗora masa masu yawon shaƙatawa, haƙarƙari duk a waje, ga miki a gadon baya ƙarƙashin sirdi. Na kasa barinsa, na saye shi a hannun yaron da ke jansa. Da wani attajiri ya ji labari, sai ya aiko mini da nasa guda biyu da suka daina gudu, ya ce in riƙe masa su saboda Allah. Yanzu kuɗin dusa da harawa da likita sun fi ƙarfina. Wani ya ce mini zan iya zuba zakkata a kansu domin doki yana cikin "fi sabilillahi". Akwai kuma abokina mai shagon cacar ƙwallo da ya ce zai riƙa ba ni wani abu duk wata. Mene ne hukunci?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka maka da alheri a kan tausayin da ka gada a wurinsa. Cewa ciyar da dabba mai jin yunwa aikin lada ne, wannan babu mai jayayya a kansa, kai ma ka sani.

Kafin zancen zakka, akwai kalma ɗaya a tambayarka da ta tsayar da ni. Ka ce attajirin ya ce ka riƙe "masa". Ashe dawakin nan biyu har yanzu nasa ne. Idan kuwa nasa ne, ciyar da su wajibi ne a kansa, kai ba ka da wannan nauyin ko kaɗan. Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa ciyar da dabba yana wajaba a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuma ya ƙi, a sayar da ita ko ba ya so. To, ina makiyayar doki a tsakiyar Legas? Dusa da harawa da dawa duk da kuɗi ake sayensu, mafi yawa ma daga Arewa ake ɗauko su a mota. Mutumin da ya ci moriyar doki yana da ƙarfi, aka yi masa kirari a fili saboda shi, ba zai sauke wajibinsa a kan wani da cewa "saboda Allah" ba. Wannan shi ne cin moriyar ganga a yar da kwaurenta. Ka je ka same shi cikin girmamawa, ka ba shi zaɓi biyu. Ko dai ya yanka abin da zai riƙa aikowa duk wata, ko ya mallaka maka su kyauta, a rubuce, gaban shaidu biyu. Kada ka ji kunyar rubutun. Malamai sun yi saɓani ko a kan dabbar da mai ita ya sake ta a daji don ya kasa ciyar da ita: Imamu Ahmad yana ganin ta zama ta wanda ya raya ta, Imamu Malik yana ganin tana nan ta mai ita, sai dai ya biya abin da aka kashe mata. Balle taka da aka ba ka riƙo da baki. Ranar da dokin ya murmure ya yi kyan gani, ko ranar da attajirin ya rasu magada suka zo ƙidayar dukiya, za ka gane amfanin takardar.

Zakka kuwa ba ta halatta a kan dawakin nan, naka da nasa duka. Idan ka zuba ta a dusa, ba ta faɗi daga kanka ba, sai ka sake fitarwa.

Zan ɗan tsawaita a nan, domin maganar da aka faɗa maka ta yaɗu, ana ta buɗe ƙofofi da ita. Tana da asali: Imamu Razi ya kawo a tafsirinsa cewa wani malami mai suna Ƙaffal ya ruwaito daga wasu malamai halaccin kashe zakka a dukkan hanyoyin alheri, kamar likkafani da gina masallatai, bisa cewa "fi sabilillahi" ta game komai. Amma ra'ayi ne mai rauni. Ayar da ta lissafa masu cin zakka, aya ta 60 a Suratut Tauba, ta fara ne da "innama", kalmar da Larabawa ke taƙaice abu da ita, sannan ta ƙidaya kashi takwas, ɗaya daga ciki shi ne "fi sabilillahi". Da "fi sabilillahi" tana nufin kowane alheri, me ya sa za a ambaci faƙiri da miskini da mai bashi da matafiyi daban? Taimakon kowanensu ai alheri ne. Sai ya zama kashi ɗaya ya haɗiye bakwai, taƙaitawar ta tashi a banza, maganar Allah kuwa ta fi ƙarfin haka. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu zuwa Yaman, cewa ya yi a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Imamu Malik ya hana a sayi likkafanin mamaci ko a gina masallaci da zakka. In har gawar Musulmi da ɗakin Allah ba su samu shiga ba, ta ina doki zai shiga?

Mai maganar zai ce doki daban yake, shi ne hadisi ya ce an ƙulla alheri a makwarkwaɗarsa har ranar alƙiyama, kuma malamai sun yarda a sayi doki da zakka. Hadisin ingantacce ne, amma dokin da malamai suka yarda a saya shi ne na mayaƙi a fagen daga, a matsayin kayan yaƙinsa. Ko a nan ma mazhabarmu ta Malikiyya ta ƙuntata, har Khalil ya ce ba a gina ganuwa ko jirgin ruwa da ita. Dokin da ya gama sukuwa ya koma turke bai shiga wannan babi ta kowace fuska ba. Malaman zamani da suka faɗaɗa ma'anar, kamar majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1405 bayan hijira, iyakar abin da suka ƙara shi ne da'awa da abin da ke tallafa mata. Ba su kai ga barga ba.

Ka kuma lura da wani abu a zuciyarka. Dokin da ka saya naka ne, ciyar da shi ya zama wajibinka tun ranar da ka biya kuɗinsa. Wanda ya biya wajibin kansa da zakkarsa, ya ciro daga aljihun dama ne ya sa a na hagu. Haka nan kada ka yi dabarar bai wa yaron bargarka zakka da sharaɗin ya sayo harawa, ko ka lissafa ta cikin albashinsa. In talaka ne, ka ba shi ta zama tasa, ya yi abin da ya ga dama da ita, albashinsa kuma yana nan daban.

Na ma fi so ka waiwayi yaron da ka sayi dokin a hannunsa. Da yawa daga cikin masu jan dawaki a bakin tekun nan 'ya'yanmu ne da suka baro gida neman abinci, kuma sau da yawa yunwar da ke jikin dokin tana jikin mai jansa. In ka bincika ka tabbatar mabuƙaci ne, ga inda zakkarka za ta sauka daidai. Ka ba shi jari, ko ka koya masa abin da mahaifinka ya koya maka na wanke miki da gyaran kofato da hutar da doki. In ba haka ba, da kuɗin da ka ba shi zai sayo wani dokin, bayan wata shida ka tarar da shi a irin halin da ka tarar da na farko.

Kuɗin abokinka mai caca, kada ka karɓa. Da ya tuba ne yana neman inda zai zubar da abin da ya tara, da malamai sun ba shi damar sa shi a amfanin jama'a, ba da niyyar sadaka ba. Amma mutum yana kan sana'ar, yana yankar maka kaso duk wata, wannan zai sanyaya masa zuciya a kan haram, kai kuma ya ɗaure maka baki daga yi masa nasiha.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Sadakar ganin dama a buɗe take, taka da ta duk wanda ka jawo. Legas ba ta rasa masoya doki ba tun da can. Dandalin Tafawa Balewa na yau tsohon filin sukuwa ne, a nan aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, kulob ɗin folo (ƙwallon dawaki) na Ikoyi kuma yana nan tun 1904. Masu hawa da masu kallo su ne farkon waɗanda ya kamata ka nema. In abin ya ƙaru, a yi masa waƙafi, ko na shago ɗaya ne da hayarsa za ta riƙa shiga dusa. Magabata sun yi irinsa: an ambaci wani fili a Dimashƙa da ake kira Marjul Akhdar, wanda aka ware don tsofaffin dabbobin da suka kasa aiki su yi kiwo a cikinsa har su mutu. Amma duk kwabon da ka karɓa amana ce. Ka buɗe masa littafi, kada ya gauraya da kuɗin shago, wanda aka bayar don doki kuma kada ya tafi wani wuri sai da izinin mai shi. In za ka sa hoto a Facebook, ka nuna halin da dokin yake ciki a ranar, kada ka riƙa maimaita hoton tsohon mikin da ya warke don a ji tausayi.

Sai maganar da ba ka tambaya ba. Doki yana kai shekara 25 zuwa 30 a raye, na sukuwa kuwa yakan bar fili da sauran shekaru masu yawa a gabansa. Ka ce ukun nan sun riga sun fi ƙarfinka, to kada ka karɓi na huɗu, ko wane ne ya aiko. Abincin iyalinka da kuɗin makarantar yaranka suna gaba da dusa, kuma in uwargida ta fara ƙorafi, ka saurare ta, tana da gaskiya. Maƙwabta ma suna da haƙƙi, kashi da ƙudaje a unguwa mai cunkoso cutarwa ce. In ni ne kai, zan nemi amintaccen mutum a gida Arewa mai fili da ruwa in tura su can. Laimar Legas tana ɓata kofato, tana sa miki ya daɗe bai kame ba, kuma abin da za ka kashe a nan cikin wata zai daɗe yana ciyar da su a can. Sai dai kada ka sayar wa wanda ka san zai mayar da su ɗaukar abin da ba za su iya ba.

Idan kuma wani cikinsu ya kai inda likitan dabbobi ya tabbatar ba zai tashi ba, yana ta wahala, mazhabar Malikiyya ta yarda a yanka shi don a hutar da shi, ko da ba za a ci namansa ba. In na attajirin ne, sai ka nemi izininsa tukuna.

Allah ne mafi sani.