Tambaya da Amsa: Agogon Gado, Sanin Shekarunsa da Gyaransa

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan fitowa, duka a kan tsofaffin agogunan hannu da aka gada.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar agogon Seiko 5, shi ne ya faɗo a kasona wajen rabon gado. Yayarmu ta ce daga Makka ya sayo shi, amma ba wanda ya tuna shekarar. A murfin baya an rubuta 6309 da wasu lambobi huɗu biye da shi, sai wata lamba mai gurbi shida da ta fara da 1N. Ya fi shekara goma a cikin akwati. In na girgiza shi yakan ɗan yi tafiya ya tsaya. Shekararsa nawa, kuma in ci gaba da ɗaurawa? Daga mai karatu a Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. Kafin komai, ɗan'uwa, daina girgiza shi. Man da ke cikinsa ya riga ya bushe ya zama danƙo, ya haɗu da ƙurar hunturu, duk juyawar da injin ya yi a haka ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Batun shekara kuwa ka yi sa'a, don Seiko na cikin kamfanonin da lambarsu ke karantuwa ba wahala. A lambar nan mai gurbi shida, gurbin farko shi ne adadin ƙarshe na shekarar ƙira, na biyu kuma wata ne: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sai O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Naka 1N, wato Nuwamban wata shekara mai ƙarewa da 1. Wacce ce a ciki, 1971, 1981 ko 1991? Nan ne 6309 ke raba gardama, don ita ce lambar injin, kuma an ƙera wannan inji ne daga 1976 zuwa wajen 1988. Saura 1981 kaɗai. Ba kowa ke samun sauƙin nan ba. Injin 7009 ya daɗe ana yin sa, ya ratsa shekarun 1980 ya shiga na 1990, sai a ga lamba ɗaya ta dace da shekaru biyu. Wanda kuma ya ga 7S26, nasa bai riga 1996 ba.

Sai dai murfi ba ya cin shaida shi kaɗai, don masu gyara kan ɗauko na wani agogon su rufe wani. Sa tabarau mai ƙara girma ka duba can ƙasan fuskar agogon, kusa da ƙarfe shida, za ka ga ƙananan rubutu da ya kamata su fara da 6309. In an buɗe, a jikin injin ma an zana lambar. Wurare ukun nan su yi daidai. In taga mai nuna rana tana sauyawa tsakanin Turanci da Larabci, wannan ya ƙarfafa maganar yayarku, don irin waɗanda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa ke nan.

Yanzu gyara. Abin da yake bukata sabis ne cikakke, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Akwai mai gyaran da zai ciro injin ɗungurungum, ya tsoma shi a fetur, ya hure, ya ɗiga man keken ɗinki, ya miƙo maka yana tafiya. Zai yi tafiyar, na wata biyu ko uku. Fetur ɗin narkar da dattin kawai ya yi ya maida shi cikin ramuka, man keken kuma ya yi wa agogo kauri, zai malala ya kama siririn sifirin da ke daidaita bugu. Sabis na gaskiya sai an sassauta babban sifirin tukuna, a cire hannayen agogo tare da sa wata leda a kan fuskar don kada a karce ta, a warware injin ƙwaya-ƙwaya, a wanke, a duba haƙoran kowace giya da kan kowane sanda, sannan a haɗa ana sa mai. Man kuma ba iri ɗaya ba ne. Na kamfanin Moebius da ƙwararru ke amfani da shi, 9010 na wuraren da ke gudu da sauri ne, HP-1300 na wuraren da ke ɗaukar nauyi, 9415 na ƙananan duwatsu biyun cikin inji da ke tare giyar bugu. Abin da ake ɗigawa a kowane rami bai kai kan allura ba. Tambayi mai gyaran wane mai yake sawa. In ya nuno maka kwalba ɗaya ta komai da komai, ɗauki agogonka ka yi gaba.

Ka sa ido kuma a kan yadda zai buɗe murfin. Na irin naka mai zare ne, akwai sifanarsa mai haƙora da ke shiga ramukan gefe. Filaya ko bakin almakashi su ne ke barin dogon karcen nan da ake gani a bayan tsofaffin agoguna, wani lokaci har ya ci lambar da muka karanta yanzu. Ɗauki hoton gaba da baya kafin ka bayar, kuma ka ce duk abin da aka canza a dawo maka da tsohon.

A canza zoben robar murfi da na maɓallin saiti. Ko an canza, cire agogon kafin alwala. Rubutun hana shigar ruwa da ke bayansa alkawarin 1981 ne. Injin 6309 ba a yi masa wani da hannu, wato murza maɓalli don ɗaure babban sifirin, motsin hannunka ne ke ɗaure shi, yana bugu 21,600 a awa. In bayan sabis yana kuskuren ƙasa da minti ɗaya a rana, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kada ka sauya kwanan wata tsakanin tara na dare da huɗu na asuba, lokacin giyar kwanan wata ta riga ta kama, tilasta ta na karya haƙori. Kai hannayen ƙarfe shida tukuna, sannan ka sauya.

TAMBAYA: Malam, agogon kakanmu ne, West End, mai wani. Fuskar ta yi ja-ja, farin fentin da ke kan lambobi yana marmashewa, gilashin duk ya dushe. Ina so a sake fentin a goge jikin ya yi ƙyalli, in ba ɗana. Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Hajiya, gilashin a gyara, fuskar a ƙyale ta. Kuma kada ki bari yara su buɗe shi.

Fentin nan mai marmashewa shi ne mai haske da dare. Har zuwa shekarun 1960 da sinadarin radiyam ake haɗa shi, kuma ko ya daina haske tururinsa bai mutu ba, don sai ya shekara kusan 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. A rufe cikin agogo haɗarinsa kaɗan ne, abin gudu shi ne shaƙar garin ko ya shiga baki. Mai gyara ya sa safar hannu da takunkumi, kada ya hure fuskar da baki, ya goge teburinsa da jiƙaƙƙen tsumma ya yar. Duba ƙasan ƙarfe shida: in akwai harafin T a gefen kalmar SWISS, tiritiyam ne, wanda ya maye gurbin radiyam aka yi ta amfani da shi har ƙarshen shekarun 1990, shi kuma ya fi sauƙi. Wannan T ɗin ma shaida ce ta shekaru, tana nuna agogon bai riga shekarun 1960 ba.

Sabon fenti kuwa, garin neman gira ne a rasa ido. Masu sayen tsofaffin agoguna fuskar asali suke bi, da ja-jan nata, kuma rubutun da aka sake yi da hannu ba ya ɓuya: haruffa kan yi kauri, layukan minti su karkace. Haka jikin. In kin ga 750 a cikin murfi zinare ne karat 18, 585 karat 14. In kuwa an rubuta 10 ko 20 da kalmar maikuron, ruwan zinare ne aka shafa, siriri ƙwarai, injin gogewa zai cinye shi nan take farin ƙarfe ko tagulla ya fito a kusurwoyi. Tsumma mai laushi ya isa. Jajayen duwatsun cikin inji kuma, guda 17 ɗin da ake rubuta adadinsu a fuska, na haɗi ne, aikinsu rage gogayya, ba su da kuɗi a kasuwa.

Gilashin irin wannan zamani yawanci roba ce. Ƙwanƙwasa shi da farce, in sautin ya fito a dushe, ita ce. Ɗan farin man goge baki a kan auduga, a murza a zagaye na minti biyar, a goge, a maimaita, ƙananan karce za su ɓace. In ya tsage a canza shi, ta nan ƙura ke shiga. Wajen yi wa agogon wani kuma a cire shi daga hannu, a murza maɓallin a hankali, da zarar ya yi tauri a tsaya.

TAMBAYA: Malam, an yi wa agogona Orient sabis, lafiya lau, kwatsam ya fara gudu da minti biyar a rana. Mai gyaran ne ya cuce ni? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Ba lallai ba, Malam. Gudun da ya zo kwatsam yawanci maganaɗisu ne, daga sifika, ko murfin waya, ko maɓallin jaka. Yakan manne zagayen siririn sifirin nan da juna, ya gajarce, bugu ya ƙara sauri. Ɗauko kamfas ɗin duba alƙibla ka matso da agogon kusa da shi a hankali. In allurar ta bi shi, ya kama. Na'urar cire maganaɗisu na gama aikin cikin daƙiƙoƙi, ba sai an buɗe murfi ba. In allurar ba ta motsa ba, to mai ne ya malala kan sifirin ko agogon ya faɗi sifirin ya harɗe, ka maida masa ya wanke wurin, kada ka yarda ya matsar da sandar saita gudun agogo kawai ya ce an gama.