Hukuncin Sayar Da Mesa Bayan Cuta Ta Ɓulla A Garke

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon ƙaramar mesa mai dunƙulewa, irin wadda ake fitarwa daga Togo, Benin da Ghana zuwa Turai da Amurka. Ɗaya ta yi ciwon numfashi ta mutu, sauran kuwa lafiya ƙalau a ido. Ya halatta in sayar da su ban gwada ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Asalin cinikin maciji akwai saɓani. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana don rashin amfani, wasu Hanafiyya sun halatta idan za a yi magani da shi. A wurin Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, sharaɗin shi ne amfani halastacce. Don haka tsare kububuwa domin tatsar dafin da ake haɗa maganin sara, irin wanda ake ceton rayuka da shi a asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe, ba laifi. Kiwo don sha'awa kawai, barinsa ya fi a ganina.

Amma ko a kan maganar masu halattawa, sayarwa a wannan hali kana shiru haramun ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, ya kuma hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Kai ka san cuta ta shiga garkenka, mai saye bai sani ba.

Ganin su lafiya a ido ba hujja ba ne. Ƙwayar cutar nidobairas da ke kama mesa, 'yar'uwar korona, tana kawo majina a baki da numfashi da baki buɗe, kuma maciji na iya ɗauke da ita ba alama. Likitan dabbobi zai goga auduga a bakinsa ya aika ɗakin gwaji. Gwaji ɗaya ba ya isa, domin ƙwayar ba kullum take fita ba. A maimaita bayan makonni. Ka keɓe waɗanda kake zargi da cutar a ɗaki daban aƙalla kwana 90, kowanne da akwatinsa da kwanon ruwansa, ka riƙa duba su a ƙarshe bayan masu lafiya, kana wanke hannu. Ka lura da baƙaƙen ƙwari ƙanana a gefen ido da cikin ruwa, suna shan jini.

Wanda gwaji ya kama, kada ka haɗa shi barbara, kada ka sake shi a daji, kada ka bar shi da yunwa. Idan ka riga ka sayar da wani, ka sanar da mai shi. Yana da haƙƙin mayarwa saboda aibi, ka ba shi kuɗinsa.

Allah ne Mafi sani.