Tambaya da Amsa: In kwance tsohuwar mitar jirgin yaƙi in goge ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Wani abokina ne ya ba ni tsohuwar mitar da ke nuna wa matuƙi nisan jirgi daga ƙasa, wai ta jirgin yaƙin Ingila ce tun Yaƙin Duniya na Biyu, a bayanta akwai hoton kambi da haruffan AM. Gilashin ya dushe, lambobin sun koma ruwan ƙasa. In kwance ta in wanke in sake mata fenti?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa don Allah ajiye sukudireban nan tukuna. Kambin da AM ɗin tambarin ma'aikatar jiragen saman Birtaniya ta wancan zamanin ne, irin kayan da aka sa wa jiragen yaƙi irin su Spitfire da Lancaster, to amma ni ruwan ƙasan nan ne ya ɗaga min hankali. A zamanin, 1939 zuwa 1945, yawancin lambobi da allurar mitocin nan da fenti mai radiyom (wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya mai cutar da jiki) ake shafa su don matuƙi ya gani da dare ba sai ya kunna fitila abokan gaba sun hango shi ba. Hasken ya mutu tuni saboda hodar da ke ƙyalli a cikin fentin ta lalace, shi kuwa radiyom yana nan daram, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Muddin gilashin na rufe abin da sauƙi, amma kana buɗewa busasshen fentin zai marmashe ka shaƙa ko ya bi yatsunka zuwa baki, kuma ta baki ɗin ne ya hallaka matan nan masu fentin agogo a Amurka a shekarun 1920, da suke lasar burushi don bakinsa ya yi tsini.

Ka nemi wanda zai auna maka ita da na'urar Gaiga, mai auna tururin nukiliya. Kafin nan kar ta kwana a ɗakin barcinka, kar kuma ka bar yara su yi wasa da ita, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa saboda tana fitar da wata iska mai cutarwa da ake kira radon a hankali. In gilashin ya tsage, sa safar hannu ka ɗaure ta a leda biyu ka tuntuɓi hukumar kula da kayan nukiliya ta ƙasarka.

Maganar sabon fenti kuwa ka manta da ita kawai. Masu gidajen tarihi irin na jiragen yaƙi da ke Duxford a Ingila sun fi son abu da tabonsa, lambar da ke jikinta mai farawa da 6A ita ake bi a gane wace iri ce, in ka kankare ta shi ke nan. Goge ƙurar waje da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da ruwa ban da mai, ka raba ta da danshi da hasken rana. Kuma kar ka hura iska da baki ta bututun bayanta wai ka ga allura ta motsa, akwai ɗan gwangwani siriri a ciki da ba ya jure haka.