Amsa kan ƙaiƙayin idon yaro da maganin ɗigawa

Hajiya, kin ce ɗanki a Agege idonsa na ƙaiƙayi yana ja, kuma maganin ɗigawa da mai kemis ya ba ku yana aiki, amma da an daina sai ciwon ya dawo. Allah ya ba shi lafiya.

Don Allah yau ki ɗauko kwalbar ki karanta jikinta. In kin ga dexamethasone ko betamethasone, sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Yana kwantar da ja nan take, shi ya sa ake son sa, amma in aka daɗe ana ɗiga shi yana haddasa hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa. Hawan jinin ido kuwa likitan ido ne ke auna shi. Ki kai shi asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ki riƙe kwalbar.

Ƙaiƙayi da hawaye ba kwantsa mai kauri yawanci alaji ne, wato jiki bai jituwa da wani abu, ƙurar hunturu da hayaƙin janareto na tayar da shi. Likitoci kan ba da maganin ɗigawa na olopatadine ko ketotifen, sau 2 a rana. Sodium cromoglycate ma akwai, sau 4, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama, kada ki ce ba ya aiki. In har da atishawa, maganin sha na cetirizine na taimakawa.

Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora masa kan ido, ki hana shi murzawa. Ban da kwalli, ban da ruwan nono. In ya fara gudun haske ko ganinsa ya dusashe, kada ki kwana ba ki kai shi asibiti ba.