Wayarka Ba Ta Ganin Kifi a Ƙarƙashin Ruwa

Tambaya: Ina su a Kogin Kaduna, wajen Kabala. Kifi ya yi ƙaranci. Wace manhaja zan sauke ta nuna mini inda suke taruwa?

Amsa: Malam, babu ita. Na'urar gano kifi ta gaske sauti take aikawa cikin ruwa ta saurari dawowarsa, kuma daban ake sayenta, a haɗa ta da waya ta Bluetooth. Duk manhajar da ta ce kyamara kaɗai ta isa, talla za ta cika maka waya, ta kuma nemi izinin shiga lambobinka. Me ya haɗa karfasa da lambar surukinka?

Abin da ya fi damuna shi ne, ko ka sayi na'urar, me za ta gani? Kifin ba ɓuya ya yi ba, ƙarewa yake yi. Ana jan gidan sauro a matsayin taru, a kwashe 'ya'yan tarwaɗa da ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya su a bakin gaɓa. Wasu su zuba gamalin, kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami, alhali dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Da damina kifi ke hayayyafa, lokacin kuma ake tare mai ƙwai. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: rahoton 2024 na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce kashi 37.7 cikin ɗari na kifin teku ana kama shi fiye da kima. In kana son wayarka ta yi amfani, ku buɗe zauren WhatsApp da sarkin ruwanku, ku daidaita kan faɗin idon raga da watannin hutu.

Tambaya: Ina sarin katan ɗin kifin Titus a Kasuwar Gumi. Yaya zan san inda aka kamo shi?

Amsa: Hajiya, karanta jikin katan, ki nemi lambar yankin tekun da aka kamo shi. FAO 27 arewa maso gabashin Atilantika ne, FAO 34 kuma ruwan Afirka ta Yamma. Shuɗin tambarin MSC, ƙungiyar da ke duba ko ana kamun kifi ba tare da ƙarar da shi ba, na nufin an tantance yadda aka kamo shi. Ki leƙa taswirar Global Fishing Watch a intanet, kyauta ce, ki ga jiragen kamun kifi da idonki.

Tambaya: Wayata ta faɗa kududdufin kiwon kifi.

Amsa: Kashe ta, kada ka sa caji, kai wa mai gyara yau. Shinkafar da ake cewa a binne waya a ciki kuma, a bar ta a tukunya.